Wa Ya Ba Mu Ikon Korar Baƙo a Ƙasar Kanta?

A watan Nuwamban 2024 'yan bindigar Lakurawa suka faɗa wa Mera, a ƙaramar hukumar Augie, suka kora shanun mutane. Mazan gari suka bi sawu, aka kashe mutum 15. Daga Argungu zuwa can ba wata tafiya ba ce, shi ya sa da wuya ka sami gida a masarautar da labarin bai taɓa shi ba. Na yi fushi a ranar, kuma har yau ban huce ba. Amma akwai wani fushin da ya hau kan na farko, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami: ganin yadda muka bar jaki muka koma dukan taiki.

Ku saurari abin da ake faɗa a majalisun bakin titi da tashoshin mota, da saƙonnin muryar da ake ta turawa a WhatsApp. "Ai baƙin nan ne ke jawo mana masifa." "Duk wanda ba ku san asalinsa ba kada ku ba shi haya." "A tattara su a mayar da su inda suka fito." Masu faɗin haka gani suke kishin gari suke yi. To su wane ne baƙin da za a tattara? Mai bindigar da ke kwana a daji bisa babur ba ya zuwa neman ɗakin haya a Badariya ko Rafin Atiku. Ba ya tura kurar ruwa, ba ya yankan farce a gindin darbejiya, ba ya shiga laka har gwiwa yana dashen shinkafa a fadama. Wanda maganar ke faɗa wa a ka shi ne mai ga-ruwa ɗan Dogon Dutsi, da mai shayi Bazabarme, da Bafillacen da aka sace wa garke ya shigo gari ba shi da ko akuya, da matar da ta gudo daga ƙasar Zuru da goyo a baya.

Na ga ɗaya daga cikin irin waɗannan mata a wani kango da ke gefen garin Birnin Kebbi. Ginin bulo ne da mai shi ya tsaya da aiki, rabi da rufi rabi babu, an toshe tagar da buhun taki. A tsakar wurin ta kafa duwatsun murhu, tukunya ɗaya, robar ruwa ɗaya, sai tabarmar da ta zame musu gado ita da yara. Wankau da surfe take yi a gidajen unguwa, a ba ta ɗan kuɗi ko dusa da sauran tuwo. A gona aka harbe mijinta. Ranar da na tarar da ita, mai kula da kangon ya kawo mata saƙo cewa maƙwabta sun yi ƙorafi, ba su yarda da zaman mutanen da ba a sani ba, ta nemi wuri kafin Juma'a. Na ce, "Inna, ina za ki?" Ta dube ni ta ce, "Ɗana, mi munka yi? Wanda ya kashe mai gidana yana can daji da bindigarshi, ba wanda ya ce mishi tashi. Ni ce ake ce ma tashi."

Ban sami amsar da zan ba ta ba, kuma ina ƙalubalantar duk wanda ya sa baki a wannan ƙorafi ya zo ya ba ta. Ba yawon buɗe ido ya kawo ta ba. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu, a cikin watan ne kuma suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a masarautar Zuru, fiye da 60 suka mutu. Mutanen da suka tsira daga irin wannan wuta 'yan jihar nan ne, da ƙuri'arsu aka hau kujeru, harajinsu yana cikin kwaltar da muke takawa. Idan har ɗan jiha yana shan wannan wulaƙanci a babban birnin jiharsa, ku ƙiyasta abin da ɗan tsallaken iyaka ke gani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ina ake wannan magana. Har a Argungu! Garin da masu gudu suka raya! A 1805 rundunar jihadi ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da waɗanda suka bi shi. Shekara da shekaru Kabawa suna yawo da sarautarsu a hannu, yau nan gobe can, har suka kafe a Argungu. Da Yakubu Nabame ya ɗaga tuta a 1849, da wa ya jingina? Da Arawa da Zabarmawa da Dandawa. Jikokin waɗannan mutane su ne yau a Dogon Dutsi da Doso da Gaya, su ne muke kira "'yan Nijar" muna yatsina fuska. Ba don kakanninsu sun tsaya kafaɗa da kafaɗa da Kabawa ba, da wuya a ce akwai gidan tarihi na Kanta da za mu riƙa kai baƙi muna nuna musu takubba da tambura. Layin da ya raba Kangiwa da 'yan'uwanta na arewa, ya raba Kamba da Gaya, Ingila da Faransa ne suka zana shi a kan takarda ba tare da sun tambayi ko mai unguwa ɗaya ba. Aure bai san da layin ba, jana'iza ba ta san da shi ba, kasuwa ma haka.

Kada mutanen Gwandu su ce wannan tarihin Kabawa ne. Nasu ya fi fitowa fili. A watan Fabrairun 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Degel da jama'arsa zuwa Gudu saboda matsin Sarkin Gobir Yunfa, da mata da yara da tsofaffi da littattafai a kan dabbobi. Sun sha yunwa, sun sha ciwo, sun yi ta sauya mazauni kafin su sauka Gwandu. Muna koya wa yaranmu wannan a makaranta muna kiran sa hijira, muna alfahari da shi. Masarautu biyu mafiya girma a kwarin gulbin nan, kowacce daga gudu ta taso. Ta yaya ɗan irin waɗannan gidaje zai buɗe baki ya ce mai gudu abin ƙyama ne?

Sannan ga bikin kamun kifi da muke tinƙaho da shi. Mun mayar da shi maganar gora da homa da wanda ya kamo giwan ruwa mafi nauyi a Matan Fada, mun manta dalilin kafa shi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka shiga ruwa don karrama shi. Bayan gaba ta fiye da shekara ɗari, bayan jinin da ya kwarara tsakanin Kabi da Sakkwato, da saukar baƙo aka rufe babin. Baƙon ma ba kowane ba: jikan gidan da ya kore su daga birninsu. Wannan shi ne abin da UNESCO ta sanya a jerin al'adun duniya a 2016. Idan lokacin biki ya zo mukan share hanya, mu shafa wa gine-gine fenti, mu yi wa jakadu da 'yan yawon buɗe ido lale marhabin. Baƙo mai kyamara da dala muna so. Baƙo mai ƙunshin tsumma a ka, wanda shi ne ya fi bukatar a sauke shi, sai mu sa a kore shi daga bakin hanya don kada manya su gan shi. Wannan ba karamci ba ne, ciniki ne.

Akwai masu cewa a rufe iyaka a huta. An gwada, ba sau ɗaya ba. A 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa daidai lokacin da fari ya ƙone amfanin gona a Sahel, har akwai wuraren da a Nijar suke kiran yunwar wannan shekara da sunan shugaban da ya rufe iyakar. A watan Agustan 2019 aka sake rufewa da sunan kare shinkafar gida, Kamba ba ta buɗe ba sai a watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake garƙame iyaka, aka yanke wuta. Layin wutar da aka yanke daga nan Birnin Kebbi yake tashi ya bi ta Doso zuwa Yamai, kuma a lokacin Najeriya ce ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da take sha. Janar-janar ɗin da aka ce ana hukuntawa ba su kwana a duhu ba. Mai haihuwa a asibiti ce ta kwana a duhu, da mai sayar da ƙanƙara, da tela. A ɓangarenmu kuwa direbobin manyan motoci suka yi watanni a jere a bakin iyaka, albasa tana ruɓewa, 'yan dako da masu abinci a Kamba suna zaman kashe wando. Sai a watan Maris na 2024 aka ba da umarnin buɗewa.

Me muka samu? Hedikwatar tsaro ta ƙasa da bakinta ta faɗa a watan Nuwamban 2024 cewa Lakurawa sun yi amfani ne da ɓarakar da aka samu a haɗin gwiwar tsaron iyaka tsakanin Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin. Ku sake karanta wannan. Yanke zumunci da maƙwabci ne ya buɗe wa mai bindiga hanya. Rufe iyaka irin wannan kamar toshe kwalbati ne da damina: ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya bar hanyar da kake gani ya bi ta ƙarƙashin katangarka. Mai gaskiya da ke bin ƙofa shi aka tsayar, mai mugun nufi dama ta daji yake bi.

Yanzu bari in faɗi abin da ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai. Tun daga 2019, da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubun dubatar 'yan Najeriya suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Kafin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa musu matsuguni a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Dajin Makau, wa ya sauke su? Talakawan ƙauyukan Gidan Runji. Mutanen da ruwan sha ma sai sun yi layi a rijiya, waɗanda rumbunsu ba ya kai su wata damina, su ne suka buɗe gida, suka raba fura biyu. Nijar tana cikin ƙasashe mafiya talauci a duniya, ba ta da man da muke da shi, ba ta da fadamar da muke da ita. Duk da haka ba ta ce a tattara waɗanda suka gudu Maraɗi a mayar da su ba. Mu da muke kiran kanmu babbar yaya, idan ɗan can ya zo neman abin da zai kai gida da rani, sai mu tare shi a shinge mu ƙwace ɗan abin da ya tara.

Wannan ma na gani da idona a hanyar Kamba. An tsayar da motar haya, wani mai kaki ya leƙo, bai tambayi kowa komai ba sai wasu samari biyu da ya ji harshensu. Aka sauko da su, aka kai su bayan wata bishiya. Da suka dawo, ɗayan yana ɗaure bakin wata 'yar jaka da ta rage nauyi, idonsa ya yi ja, bai ce uffan ba. Motar cike take da manya masu furfura, babu wanda ya tanka, sai direba da ya ce, "Haƙuri za ku yi, haka hanyar take." Ba haka hanyar take ba, haka muka bar ta ta zama. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Ko da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata a watan Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta takardun 'yan ƙasashen da 'yancinsu na zirga-zirga. Kuɗin da aka karɓa a bayan bishiyar nan ba ya cikin wata doka. Fashi ne da kaki.

Haka abin yake a gona. Muna alfahari cewa a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamban 2015, muna nuna masana'antun casar shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi. Shinkafa ba ta dasa kanta. Duk mai gona a fadamar Rima ya san hannun da ke dashe da cira da yanka da bugu, ya san da yawa cikinsu 'yan ci-rani ne. Akwai manoma masu tsoron Allah da ke biyan lebura kafin guminsa ya bushe, suna ba shi abinci da wurin kwana, Allah ya saka musu. Akwai kuma waɗanda idan aiki ya ƙare sai su rage kuɗin da aka yi jinga, in yaro ya yi magana a ce masa, "Kana da takarda? Ka yi shiru ko in kira maka hukuma." Mutum ya ci gumin baƙo da rana, da dare ya zauna a majalisa yana cewa baƙi sun ɓata gari.

Kuma mu wane ne da za mu yi wannan magana? Akwai al'ummar da ta kai mu yawo a Afirka ta Yamma? Sarkawanmu sun bi Kwara da jiragensu har Mali. Zangunan Kumasi da Akara cike suke da zuriyarmu. Babban malamin nan Alhaji Umaru, wanda gidansu asalin Kabi ne, a Salaga da Kete-Karachi ya yi rayuwarsa, can ya rasu a 1934, mutanen Gana suna girmama shi har yau. Kowace shekara idan an gama girbi samarinmu suna cika motoci zuwa Legas da Ibadan da Fatakwal, su yi acaba, su yi gadi, su yi dako. Abin da suke turowa shi ke riƙe da gidaje da yawa a ƙauyukanmu.

Mun kuma san ɗacin abin idan ya juyo kanmu. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, Hausawa da Yarbawa da aka haifa a can suka sayar da gidaje a wulaƙance suka taho. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi wa baƙi irin wannan kora, fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Gana, har da 'yan Nijar da Chadi. An ce su ne ke cinye ayyuka, su ne ke kawo laifi. Da suka tafi, arzikin ƙasa bai dawo ba, kuma kafin shekarar ta ƙare gwamnatin da ta kore su ta faɗi. A Sudan, jikokin waɗanda suka yi gabas bayan kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, da na alhazan da suka zauna a hanyar Makka, sun fi shekara ɗari a can. Duk da haka a watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a yankin Damazin da Rusairis, aka ce Hausawa baƙi ne ba su da haƙƙin ƙasa, fiye da mutum 100 suka mutu.

Ga kuma na jiya-jiya. A watan Maris na 2025 aka tare wata mota a Uromi, jihar Edo, ɗauke da mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano don yin Sallah. Aka ga bindigoginsu na farauta, wani ya yi ihu cewa masu garkuwa da mutane ne. Aka kashe 16, aka banka musu wuta. Duk Arewa ta yi kuka, mu ma mun yi. Mun ce yaya za a yi wa mutane kuɗin goro, yaya za a yanke wa mutum hukunci saboda harshensa da kamanninsa. Gaskiya muka faɗa. To mutanen Uromi ma cewa suka yi masu garkuwa sun addabe su, kuma ba ƙarya ba ne an addabe su. Tsoronsu gaskiya ne, abin da suka aikata da shi kisan zalunci ne. Maganar da ta kai su ga ashana ita ce dai wadda ake yi yau a majalisunmu: baƙon fuska, ba a san asalinsa ba, a yi maganinsa. Wanda ya yi kukan Uromi sannan ya tura saƙon "a kori baƙi" zuwa wayoyin jama'a, ya binciki zuciyarsa.

Na san abin da za a ce mini: akwai masu kai wa 'yan bindiga bayani, akwai masu saya musu mai da burodi, kuma wasu na fakewa cikin masu gudu. Haka ne, akwai. Amma duk wanda ya bi labarin waɗanda ake kamawa da irin wannan laifi a Arewa maso Yamma ya san sau da yawa 'yan gari ne, waɗanda suka san wa ya sayar da sa, wa ya dawo daga kasuwa da kuɗi. Baƙon da ya iso jiya bai san ɗakin da attajiri ke kwana ba. Kuma ko da akwai miyagu a cikin baƙi, ta yaya za ka gane su idan ka kori kowa zuwa kangaye da bayan gari inda ba mai ganin shigarsu da fitarsu?

Kakanninmu sun fi mu wayo a nan. Ba su taɓa barin baƙo yana yawo ba mai shi ba. Idan ya iso gari, akwai zango, akwai mai masauki da zai tsaya masa. A kai shi gaban mai unguwa, a ji daga ina, me ya kawo shi, wa ya sani. In zama ya zo yi, a ara masa gona, a nuna masa inda zai kafa bukka. Daga ranar ya zama a idon jama'a, yana da abin da zai rasa idan gari ya ɓaci. Mutumin da yake da kadadar shinkafa a fadama da yaro a makarantar gari, shi ne zai fara rugowa ya faɗa idan ya ga baƙin babura a bakin gulbi. Kuma babu wanda ya san fuskokin 'yan bindiga da hanyoyinsu da muryoyinsu kamar wanda ya gudo daga hannunsu. Muna da shaidu a cikin kangayenmu, muna korar su.

Wanda aka kora kuwa ina zai nufa? Saurayin da aka kashe ubansa, aka hana shi haya, aka cinye masa kuɗin aiki, aka mare shi a shinge, shi ne wanda masu bindiga ke jira da kuɗi da babur da alkawarin za su mayar masa da mutuncinsa. Mun ga yadda abin ya faru a Zamfara, inda aka riƙa yi wa Fulani kuɗin goro, ana kashe mai laifi da marar laifi a kasuwanni, har daji ya cika da masu neman fansa. Shekara fiye da goma ke nan wutar ba ta mutu ba, ita ce ma ta tsallako mana. Wanda yake son Kabi ta bi wannan hanya, ya ci gaba da abin da yake yi.

Malamanmu sun san duk wannan, shi ya sa shirun wasunsu ke ba ni takaici. Kalandarmu daga hijira take ƙirga shekara. Kafin Madina, sahabbai sun gudu Habasha, sarkin da ya ba su mafaka Kirista ne, bai kuma sharɗanta musu su bar addininsu ba. Cikin masu gudowa daga ƙasar Zuru akwai Musulmi akwai Kirista, dukansu haƙƙinsu ɗaya a kanmu. Matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. A jihar da ake fitar da buhunan shinkafa dubbai kowace kaka, zakkar amfanin gona kaɗai, da ana fitar da ita tsakani da Allah, ta isa a ce ba marainiyar da ta kwana da yunwa a kango. Ina son in ji an hau mumbari ranar Juma'a an faɗi wannan da irin zafin da ake faɗin wasu abubuwan da ba su kai shi ba.

Mu ma da muke zaune a gidajenmu, ba mu da tabbas. A 2010 ruwa ya taso daga wajen Goronyo ya bi kwarin Rima yana rushe garuruwa. A 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a faɗin jihar nan, masu rumbu suka wayi gari a azuzuwan firamare suna jiran a miƙo musu tabarma. Waɗanda suka kwana a waɗannan azuzuwa su tuna yadda idon mutane yake a kansu.

Ga gwamnati kuwa, magana ta kai tsaye ce. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan kare waɗanda rikici ya raba da gidajensu a cikin ƙasarsu, ta tabbatar da ita a 2012. Tana da hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa tun 1989. Ba alfarma ake roƙo ba, alkawari ne aka ɗauka. Mun gaji da ganin an tara zawarawa a rana tun safe, a jira babban baƙo har azahar, a ɗora wa kowace ƙaramin buhu a ka, a ɗauki hoto, a watse. Buhun zai ƙare cikin mako, hoton ya yi shekara yana yawo. Abin da ake bukata bai kai kuɗin taron ba. A ƙirga su unguwa-unguwa, a rubuta sunayensu, a ba su katin da za su nuna a asibiti da shinge. A hukunta mai kakin da ya mayar da hanyar Kamba da Kangiwa wurin tatsa, a bayyana sunansa kowa ya ji. A zauna da hukumomin Doso da Gaya ko da Abuja da Yamai ba sa ga-maciji, domin mu ne ke kwana a bakin iyakar, ba su ba.

Ga iyayenmu sarakuna, Mai Martaba Sarkin Gwandu da Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Allah ya ja zamaninku, kalma ɗaya daga bakinku ta fi takardar ofis ɗari. A umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su dawo da tsarin mai masauki. Kowane baƙo a san wanda ya tsaya masa, kuma da zarar an san shi, kada a bar kowa ya tashe shi da tsakar dare saboda ƙorafin maƙwabci. A duba filayen da ke kwance a fadama kafin noman rani ya kama, a ara wa masu ƙarfin noma cikinsu, da shaidu, da wa'adi, yadda ba za a yi rigima gobe ba. Jingar da aka yi da ɗan ci-rani, in aka ci amanarsa, ya san ƙofar da zai buga a karɓar masa haƙƙinsa ba tare da an tambaye shi takarda ba.

Shugabannin makarantun firamare kuma, idan uwa ta zo da yaro ta ce daga Danko-Wasagu suke ko daga Zamfara ko daga tsallaken iyaka, a rubuta sunansa a ba shi wurin zama a ranar. Kada a ce ta koma ta kawo takardar haihuwa ko ta canjin makaranta. Takardun sun ƙone tare da ɗakin, malamin da zai sa hannu a kansu shi ma ya gudu.